BAYANI DALLA-DALLA: Abin da alƙaluman sukari da na fararen ƙwayoyin jini ke nufi a takardar gwaji

Awon sukari da ƙidayar ƙwayoyin jini suna cikin gwaje-gwajen da aka fi tura mutane su yi a asibitocin Najeriya da Nijar, ko dai saboda rashin lafiya, ko awon ciki, ko shirin tiyata, ko takardar shaidar lafiya da ake nema wajen ɗaukar aiki da shiga jami'a. Mutum zai biya daga aljihunsa, a ɗebi jininsa, a miƙo masa takarda cike da haruffa da alƙaluma, wasu da tauraro ko harafin H ko L a gefensu. Daga nan wani zai ninke ta ya ajiye bai fahimci komai ba, wani kuma ya ɗauki hotonta ya tura zauren WhatsApp, inda kowa likita ne.

A doka ba haka ya kamata abin ya tsaya ba. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya a Najeriya ya sanar da majiyyaci halin da lafiyarsa ke ciki, kuma in da hali ya yi masa bayanin da harshen da yake ji. Sai dai likitan da marasa lafiya suka yi wa layi tun asuba ba ya da lokacin doguwar fassara. Wanda ya shiga wurinsa da ɗan sanin abin da alƙaluman ke nufi shi ne zai iya yin tambayar da ta dace cikin mintunan da ya samu.

Daga ina aka samo abin da ake kira daidai?

A gefen kowane sakamako akan buga alƙaluma biyu, na ƙasa da na sama, waɗanda ake ɗauka a matsayin iyakar lafiya. Yadda ake samar da su shi ne a tara mutane masu ƙoshin lafiya a auna su, a ɗauki kashi 95 cikin 100 da ke tsakiya, a bar na can ƙasa da na can sama a waje. Ke nan tun daga tushe, mutum ɗaya cikin kowane 20 masu lafiya zai faɗa wajen iyaka. Idan aka yi wa mai lafiya gwaji 20 daban-daban a takarda guda, lissafi ya nuna yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da tauraro ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Tauraron alama ce ta a sake dubawa, bai kai hujjar cuta ba.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: su wane ne masu lafiyar da aka auna? Yawancin iyakokin da ke cikin littattafan koyarwa, da waɗanda na'urorin gwaji ke zuwa da su daga kamfani, an fitar da su ne daga jinin Turawa. A wasu gwaje-gwajen wannan bai dame komai ba. A ƙidayar fararen ƙwayoyin jini kuwa yana da tasiri, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Sukari: a fara duba ma'auni

Sukarin da ake aunawa a jini shi ne gulukos, makamashin da jiki ke tacewa daga tuwo, shinkafa, burodi, fura da duk wani abinci mai sitaci. Sinadarin insulin ne ke buɗe masa hanya ya bar jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina amsa masa yadda ya kamata, sai sukarin ya taru a jini.

Kafin a kalli adadin, a kalli haruffan da ke bayansa, domin ma'auni uku ne ke yawo a wannan yanki. Wasu ɗakunan gwaji a Najeriya suna rubuta mmol/L, wasu kuma mg/dL, haka ma ƙananan na'urorin awo na gida. A Nijar da Chadi da sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa akan rubuta g/L. Jini ɗaya ne zai ba da 7.0 a ma'aunin farko, 126 a na biyu, 1.26 a na uku. Don juya mmol/L zuwa mg/dL sai a ninka sau 18. Don juya g/L zuwa mg/dL sai a ninka sau 100. Ɗan kasuwar da aka auna a Maraɗi ya ga 1.10, ya zo Katsina ya ga 6.1, babu abin da ya sauya a jikinsa.

Abu na biyu shi ne lokacin da aka ɗebi jinin. Idan takarda ta ce FBS ko FBG, ana nufin awon da aka yi bayan mutum ya kwashe aƙalla awa takwas bai ci komai ba, galibi da safe bayan kwanan dare. Ruwa zalla ba ya ɓata shi, amma kofin shayi ko kunu ko koko yana ɓatawa. A wannan awon, daga 70 zuwa 99 mg/dL, wato 3.9 zuwa 5.5 mmol/L, shi ne na mai lafiya. Daga 126 mg/dL ko 7.0 mmol/L zuwa sama shi ne iyakar ciwon sukari. Tsakanin biyun akwai matakin gargaɗi, inda mutum bai kamu ba amma ya kama hanya. A nan masana sun ɗan saɓa: Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka tana fara ƙirga gargaɗin daga 100, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma daga 110. Shi ya sa mai 105 zai iya jin likita ɗaya ya ce lafiya lau, wani ya ce a yi hattara, kuma kowannensu yana da madogara.

Ita kanta 126 ɗin ba ta daɗe ba. Kafin 1997 iyakar 140 ce, aka sauko da ita bayan an lura cewa lalacewar ƙananan jijiyoyin ido tana fara yawaita tun kafin a kai 140.

Idan takarda ta ce RBS, awo ne na kowane lokaci, an ci ko ba a ci ba. Shi ne ake yi a gangamin duba lafiya kyauta da 'yan siyasa ke shiryawa a mazaɓu. Amfaninsa wajen tabbatar da cuta kaɗan ne, sai idan ya kai 200 mg/dL, wato 11.1 mmol/L, kuma ga alamomi a fili: yawan fitsari har da dare, ƙishirwa mai tsanani, rama ba dalili. Akwai kuma gwajin da ake ba mutum ruwa mai gulukos giram 75 ya shanye, a sake aunawa bayan awa biyu. Ƙasa da 140 lafiya ne, 140 zuwa 199 gargaɗi, 200 zuwa sama ciwon sukari. Shi ake yi wa masu juna biyu tsakanin mako na 24 da na 28, amma su iyakarsu ta fi tsauri: a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013, awon safe da ya kai 5.1 mmol/L ya isa a ce akwai sukarin goyon ciki.

Ƙa'idar da aka fi takewa ita ce wannan: idan babu alamomi a fili, awo ɗaya ba ya isa a ce mutum yana da ciwon sukari. Sai an maimaita a wata rana. Zazzaɓi mai zafi, mummunan rauni, tiyata, duk suna iya ɗaga sukari na ɗan lokaci. Haka magungunan sitiroyid irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke saye a kemis su sha don ƙara ƙiba, kuma irinsu na cikin wasu mayukan bilicin. Ko yatsan da aka taɓa dabino ko rake da shi ba a wanke ba yana iya sa na'urar gida ta nuna adadin da ba na jini ba ne.

Kuskure yana zuwa ta ɗaya ɓangaren ma, kuma shi ya fi haɗari domin ba ya tayar wa kowa hankali. Ƙwayoyin jinin da ke cikin kwalba suna raye, suna ci gaba da cin sukarin da ke ciki, kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace awa, idan ba a zuba jinin a kwalba mai sinadarin fuloraid ba ko ba a tace shi da wuri ba. Jinin da aka ɗiba a ƙaramin asibitin ƙauye aka ɗauko a babur cikin zafin rana, ko wanda ya zauna a kan tebur ana jiran a kawo wuta, zai iya isa na'ura da 110 alhali da 130 ya fito daga jijiya. Mai shi zai koma gida da albishir na ƙarya.

Saukar sukari ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ita ma matsala ce, kuma ƙasa da 54 abin gaggawa ne. Alamunta rawar jiki, zufa, jiri da ruɗewa. Ta fi samun masu allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide ba su ci abinci ba. A wannan yanki akwai ƙarin dalili: maleriya mai tsanani tana saukar da sukari, musamman ga yara da masu ciki, kuma maganin kwinin yana ƙara saukar da shi. Yaron da ke fama da zazzaɓi ya suma, awon sukari na cikin abin da ake fara yi masa. Ga masu ciwon sukari da ke azumin Ramadan, jagorar da ƙwararru na duniya suka fitar ta ce a karya azumi idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 mg/dL.

HbA1c da matsalar sikila

Gwajin HbA1c ba ya buƙatar a zauna da yunwa. Sukari yana manne wa sinadarin himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma tun da jar ƙwaya takan rayu kimanin kwana 120, auna yawan wanda ya manne yana ba da matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ƙasa da kashi 5.7 lafiya ne, 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi a ƙa'idar Amurka, 6.5 zuwa sama ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa tabbatar da cutar da shi a 2011.

Gwajin gaba ɗayansa ya jingina ne a kan kwana 120 ɗin nan. Jar ƙwayar mai amosanin jini, wato mai rukunin SS, takan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, ba ta daɗe har sukari ya taru a kanta ba, don haka sakamakonsa ba abin dogaro ba ne. Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu sikila, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Ga masu AS da AC gwajin yakan yi aiki, amma wasu na'urorin suna ruɗewa da irin himogulobin ɗinsu, wasu ba sa ruɗewa. Zubar jini, ƙarin jini da aka yi kwanan nan, da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda shi ma ya yawaita a Afirka ta Yamma, suna iya sa adadin ya fito ƙasa da gaskiya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini kuma yana iya ɗaga shi. Duk wanda aka rubuta wa HbA1c ya kamata ya faɗa wa likita rukunin jininsa ko ba a tambaye shi ba. Inda gwajin bai dace ba, awon safe na nan, akwai kuma gwajin furuktosamin da ke duba mako biyu zuwa uku.

Fararen ƙwayoyin jini

Su ne dakarun da ɓargo ke samarwa don yaƙar cuta. Ana samun adadinsu a layin da aka rubuta WBC cikin babban gwajin da ake kira FBC. Iyakar da aka saba bugawa ga babba ita ce 4.0 zuwa 11.0 ×10⁹/L, wanda wasu ke rubutawa 4,000 zuwa 11,000. Jariri sabon haihuwa yana iya kaiwa 30 lafiyarsa ƙalau. Mai tsohon ciki takan kai 15, kuma a lokacin naƙuda ta wuce haka. Shan taba, motsa jiki mai tsanani da maganin sitiroyid duk suna ɗaga adadin.

Jimillar kaɗai ba ta faɗin abu mai yawa, sai an duba rabe-rabenta guda biyar. Nitirofil su ne mafi yawa a jinin babba, su ke fara kai ɗauki idan bakteriya suka shiga, don haka sukan hau a ciwon huhu, maruru, ko kumburin afendis. Limfosayit sukan hau a cututtukan bairos da tarin shiƙa, kuma su ne suka fi yawa a jinin ƙananan yara har zuwa wajen shekara huɗu ko biyar, abin da ke tsorata iyayen da suka gwada takardar ɗansu da tasu. Iyosinofil a ƙasashen Turai sukan sa a fara tunanin asma ko borin jini. A nan, ga yaron da ke wanka a kududdufi ko manomin rani da ke wuni cikin ruwa, tsutsar ciki da tsargiya ake fara zargi. Monosayit sukan ɗan hau a cututtukan da ke daɗewa irin su tarin fuka. Basofil ba su kai kashi ɗaya ko biyu ba, kuma ba kasafai ake damuwa da su ba.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare: a ga mai zazzaɓi, a ga WBC bai hau ba, a ce babu komai, ko a ga ya ɗan hau, nan take a rubuta maganin kashe bakteriya. Taifot, duk da cewa bakteriya ne ke kawo shi, yakan zo da adadi daidai ko ma ƙasa. Maleriya ma haka take, sai dai takan saukar da ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda ake rubutawa PLT. Zazzaɓin Lassa a farkonsa yakan saukar da fararen ƙwayoyi. Mai sikila kuwa ko yana cikin ƙoshin lafiya adadinsa yakan zauna sama da na sauran mutane, don haka da nasa na baya ake gwada shi. Ƙidayar ba ta faɗin sunan cuta, kuma rubuta magani a kanta kaɗai yana cikin abin da ke ƙara wa bakteriya bijirewa magunguna.

Sannan a kula da bambancin kaso da ainihin adadi. A ce jimilla 3.0 ce, limfosayit kashi 55, nitirofil kashi 38. Na'ura za ta sa wa limfosayit tauraron hawa. Amma kashi 55 na 3.0 shi ne 1.65, wanda yake tsakiyar iyakar lafiya. Limfosayit ɗin ba su ƙaru ba, nitirofil ne suke 1.14 kawai, sai kason ɗaya ya cika gurbin ɗayan.

Irin wannan takarda ba baƙuwa ba ce a nan, kuma dalilinta na gado ne. A saman jajayen ƙwayoyin jinin yawancin Turawa da mutanen Asiya akwai wani sinadari da ake kira Duffy, wanda aka gano a 1950. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi. A shekarun 1970 aka tabbatar cewa ta kansa ne nau'in maleriya mai suna Plasmodium vivax ke shiga jar ƙwaya, shi ya sa wannan nau'in bai samu gindin zama a yankin ba. Wajen 2008 da 2009 kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa rashin Duffy ɗin ne ke sa adadin nitirofil da ke yawo a jijiya ya zauna ƙasa. Ɓargon yana aikinsa, kuma masu wannan gado ba su fi kowa kamuwa da cuta ba. Littattafai suna kiran duk abin da ya gaza 1.5 ƙaranci, alhali Bahaushe ko Bayarabe ko Bazabarme mai lafiya yana iya rayuwarsa duka a 1.2.

Illar rashin sanin haka ba ƙarama ba ce. A Amurka, inda kusan kashi biyu cikin uku na baƙar fata ke da wannan gado, an sha jinkirta wa masu sankara magani, ko a hana masu taɓin hankali maganin clozapine, ko a huda ƙashin mai lafiya a ɗebi ɓargo, duk saboda iyakar da ba da jininsu aka auna ta ba. Abin mamaki shi ne a nan, inda masu gadon su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, har yanzu za a ga takardun da ke ɗauke da waccan iyakar. Ƙa'idar aikin gwaji ta tanadi kowane ɗakin gwaji ya tabbatar iyakokinsa sun dace da mutanen da yake aunawa. Aiki ne mai cin kuɗi, kuma irin wanda ma'aikatun lafiya da asibitocin koyarwa ya kamata su ɗauki nauyinsa.

Wannan ba ya nufin duk wani ƙaranci gado ne. Nitirofil da suka sauka ƙasa da 0.5, musamman tare da zazzaɓi ko gyambon baki, abin gaggawa ne. Haka adadin da a da yake sama ya riƙa sauka, ko ya sauka bayan fara sabon magani irin su chloramphenicol, carbimazole ko Septrin. Limfosayit da suka daɗe a ƙasa suna buƙatar gwajin cuta mai karya garkuwar jiki. Jimillar da ta kai 50 ko 100, ko kuma fararen ƙwayoyi da jajaye da na daskarar da jini suka rikice a lokaci guda, suna sa a nemi sankarar jini, kuma a nan sai ƙwararre ya shafa jinin a gilashi ya duba da madubin likita.

Idan biyun suka hau tare

Ciwon sukari da kamuwa da ƙwayoyin cuta suna ciyar da juna. Sukari mai yawa yana raunana aikin nitirofil, cuta ta samu shiga; cutar kuma ta sa jiki ya saki sinadaran da ke ƙara ɗaga sukarin. Mai ciwon sukari da awonsa ya hau kwatsam ba tare da ya sauya abinci ko magani ba, ga fararen ƙwayoyi sun hau, akan bincika ƙafarsa, fitsarinsa, haƙoransa da huhunsa. Gyambon ƙafa shi ya fi yaudara, domin idan jijiyoyi sun mutu ba ya zafi, kuma wani lokaci ƙidayar ba ta hawa ko da ƙashi ya kamu.

Matashi ko yaro da ya rame cikin 'yan makonni, yana amai, cikinsa na ciwo, yana numfashi da ƙarfi, na'ura ta nuna sama da 250 ko ta rubuta HI, wannan asibiti za a kai shi a take. Jininsa ne ke yin tsami saboda rashin insulin, kuma wannan yanayi da kansa yana ɗaga fararen ƙwayoyi ko babu bakteriya. Sau da yawa akan ɓata kwanaki ana yi wa irin waɗannan yara maganin maleriya da taifot kafin wani ya tuna da awon da ba ya ɗaukar minti ɗaya.

A Najeriya, Hukumar Kula da Kimiyyar Gwaje-gwajen Lafiya, MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke yi wa ɗakunan gwaji da ma'aikatansu rajista, kuma mai biyan kuɗi yana da damar tambayar shaidar rajistar. Takardar da ta cika tana ɗauke da sunan majiyyaci da shekarunsa, ranar da aka ɗebi jinin, ma'aunin da aka yi amfani da shi, iyakar da ɗakin gwajin ke bi, da sa hannun wanda ya yi aikin. Idan za a maimaita gwaji don a gwada da na baya, an fi so a koma wuri ɗaya a lokaci iri ɗaya, a kuma riƙo tsohuwar takardar.